Jan Tsumman da Kaka Ya Ɗaura a Mashigi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda duk mai tsallake kogin nan ya sani da Mai Gora. Ya fita daga gida bayan sallar asuba, gorarsa a kafaɗa, damin turaku a hammata, kamar kullum. Wajen ƙarfe bakwai saura, wata mata mai kai alayyafo kasuwa ta iso mashigi. Ta hangi gorar a kafe a tsakiyar ruwa da jan tsumma a kanta, ga hularsa ta maƙale a jikin wani turke, shi kuwa babu shi. Ta dire kwandonta ta koma cikin gari tana kururuwa. Masunta ne suka fito da shi kafin azahar, aka yi masa sallah bayan la'asar. Ba mu da takardar haihuwarsa. Iya, matarsa, ta ce ya haura tamanin, amma ba ta rantse ba, ni ma ba zan rantse ba.

Kaka, na so in yi maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ta dace da mutum mai sanyin hali. Hannuna ya ƙi. Kwana biyu da binne ka, aka manna sanarwa a jikin allon kamfanin da ke haƙar yashi a bakin kogi. Na tsaya na karanta ta har sau biyu don kada in ɗora wa wani abin da bai faɗa ba. Cewa suka yi wani tsoho da ruɗewar tsufa ta kama ya kutsa wurin aiki da aka hana shiga, ya gamu da ajalinsa. Ko sunanka ba su sa ba. Tun ranar ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Wanda bai san aikinka ba ya kamata ya sani. Mutanenmu sun riga hanya zama a bakin kogin nan, sun riga kasuwa, sun riga gadar da sai an yi tafiyar rabin yini kafin a kai gare ta. Gidaje suna wannan gaɓar. Gonaki da makaranta da maƙabarta suna tsallake. Abin da ya haɗa su shi ne mashigi, wurin da ruwa ba ya wuce gwiwa in damina ta ja baya. Sai dai kogi ba ya barin yashinsa wuri ɗaya. Inda ka taka jiya lafiya, yau yana iya zama gurbi. Don haka tun kakan kakanka, wani daga gidanmu yake shiga ruwa da sassafe kafin kowa, yana dogara gora yana taɓa ƙasa, yana gyara turaku. Farin tsumma, bi nan. Jan tsumma, kada ka kuskura. Ba albashi, ba sarauta. Abin da na taɓa gani an ba ka shi ne sannu da aiki, wani lokaci da ɗan ɗaurin alayyafo.

Ba turaku kaɗai kake kula da su ba. Kai ne kake dasa ciyawar jema a gaɓa don kada ruwa ya zaizaye ta, kana bin yara da faɗa in sun tuge. Kuma ba ka taɓa hana kowa ɗiban yashi ba. Gidan da nake zaune ina rubutun nan da yashin kogin aka shafe shi. Abin da kake cewa shi ne a ɗiba a lanƙwasar kogi, inda kogin da kansa yake zubar da abin da ya ɗauko, kada a taɓa ƙasa da mashigi. In aka yi rami a nan, yashin mashigin ne zai silalo ya cike shi. Magina sun san haka, masu jakuna sun sani, ba a taɓa yin rigima a kai ba.

Ni ce jikarka mai tsoron ruwa. Ina aji ɗaya, in muka zo mashigi sai in ƙanƙame wuyanka in rufe ido. Sai ka ce ai kai ba ka taɓa ganin amaryar da ke shaƙe angonta tun ba a kai gida ba. Da na yi wayo ka daina saɓa ni, ka ce in riƙe bakin rigarka, in daina kallon ruwa, in kalli turke na gaba. Da haka na gama firamare. Da na dawo daga jami'a wata huɗu da suka wuce, na zo gaishe ka da takardar shaidata a leda. Ka juya ta, ka tambaye ni abin da na karanta. Na ce ilimin ƙasa da ruwa. Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Amarya, shekara huɗu kina karatun ruwa, amma har yanzu in kin ga kwata sai kin zagaya?" Daga nan ka kira Iya ka ce ta adana takardar a ƙasan akwati, kada ɓera ya ci mana digiri. Duk wanda ya zo wucewa ranar sai da ka tsayar da shi ka gaya masa.

Na tuna da sabon malamin da aka turo makarantar tsallake, wanda ya iso mashigi da takalmi sau ciki da jaka, ya tsaya yana neman inda gada take. Ka karɓi jakar ka ɗora a ka, ka rataya takalman a gora, ka haye da shi yana salati. Ya zo zaman makoki shekaranjiya, furfura ta fito masa, ya ba da labarin da kansa, aka yi dariya ana share hawaye.

Akwai kuma abin da in na tuna zuciyata take tafasa. Ranar da mutanen kamfanin suka fara zuwa da na'urorin awo, rani biyu da suka wuce, kai ne ka tsallakar da su. Ka nuna musu inda za su taka, ka riƙe hannun wanda ya zame, ka sa aka kai musu ruwan sha. Bayan wata guda suka dawo da inji da bututu da tifofi, da takardar izini da ta ce wurin fili ne da babu mai amfani da shi. Suka kafa injin daidai ƙasa da mashigi.

Kawu, babban ɗanka, wanda yake ɗinki a kasuwa, ya rufe shago ya raka ka ofishin da ya ba da izinin. Kuka wuni a kan benci a baranda, ƙarƙashin fanka da ba ta juyawa. Da aka shigar da ku, jami'in bai ɗago daga wayarsa ba, ya ce ku kawo takardar mallaka. Kawu ya gaya mini cewa sai ka ce wa jami'in, "Ɗana, lokacin da aka fara kafa turke a wurin nan ba a san takarda ba. In shaidu kake so, zo in tsallakar da kai maƙabarta, duk suna can kwance." Aka ce ku dawo wani mako. Kun koma har Kawu ya gaji da rufe shago.

Tun daga nan aikinka ya ninka. Masu gadin kamfanin suna tuge turakunka wai suna tare bututu, kai kuma gari na wayewa ka sare wasu ka kafa. Iya ta ce tsummokaran gidan duk sun ƙare, har tsohon zanenta ja ka yayyaga. Ta yi maka faɗa ta ce ka bari, ƙafafunka sun fara kumburi. Ka ce mata in ka bari, wa zai gaya wa 'yan makaranta?

Yanzu ga abin da na tabbatar, ban ƙara komai ba. Ranar Litinin da yamma 'yan makaranta sun dawo ta mashigi, ruwa iya gwiwa. Na tambayi iyayensu, na tambayi malamin. Ranar Talata, masuntan da suka fito da kai sun zura gorar kwale-kwale taku ɗaya gaba da inda ka kafa taka, ba su taɓa ƙasa ba. Gorarka a kafe take daram a leɓen ramin. Tsumman da ke kanta ja ne, kuma ɗaurinka ne, irin wanda kake yi ka bar wutsiya biyu. Iya ta gane yankin zanenta. Mutumin da tsufa ya ruɗa ba ya gano rami a ƙarƙashin ruwa, ya zaɓi jan tsumma ya bar fari, ya ɗaure shi, ya kafa gora inda kowa zai gani. Ba zan ce ka ceci rai kaza ba, don ban san gaibu ba. Abin da na sani shi ne yara sun iso da jakunkunansu bayan mai alayyafo, suka ga ja, babu wanda ya sa ƙafa.

Sannan wurin ba wurin aikin kowa ba ne da aka hana shiga. Hanyarmu ce. Babu shinge, babu allon gargaɗi. Wanda ke can yanzu bayan rasuwarka aka kafa shi, fentinsa ma bai gama bushewa ba ranar da na taɓa. Ɗaya daga cikin masu gadin ya zo gaisuwa, ya ja Kawu gefe yana kuka, ya ce ranar Litinin an matso da bakin bututun kusa da mashigi fiye da kullum. Ni ban gani da idona ba. Shi ya faɗa, kuma yana da iyali, ba na jin zai maimaita a gaban manyansa.

Abin da ya fi ci mini rai bai ma zo ba tukuna. An sa ranar Alhamis mai zuwa za a yi zama a ofishin nan mai benci, a yanke shawarar rufe mashigin da shingen waya ta gaɓa biyu, wai don kare rayuka. Hujjarsu kuwa mutuwarka ce. Su suka haƙa ramin, ramin ya ci ka, yanzu kuma da gawarka za su ƙwace hanyar da ka ƙare rayuwarka kana tsarewa. In aka rufe, mai gona zai yi rabin yini kafin ya ga shukarsa, yara ƙanana za su bar makaranta, injin kuma ya samu kogin shi kaɗai.

Jami'in ya zo gaisuwa, ba zan hana shi wannan ba. Ya zauna a tabarma ya yi addu'a, sannan ya ce a kwantar da hankali, za su rufe wurin don kada haka ta sake faruwa. Iya da ke bayan labule ta ce, "Ku rufe injin mana, ɗan nan. Mashigi bai ci kowa ba sai da kuka zo." Don kada a kama mu da ƙari, daga baya ita da kanta ta tuna mini cewa tana amarya an taɓa rasa wani baƙo da ya ƙi bin turaku ana tsakiyar ambaliya. Shi ke nan, a tsawon zamanta a gidan.

Kaka, a kwale-kwale aka haye da makararka. Kai da ka tsallakar da gawar kowa, kana gaba da gora masu ɗauka a kafaɗa suna biye, ranar taka babu wanda ya iya taka mashigin. Kawu ya ce da suka zo daidai gorarka, mai tuƙi ya sassauta, babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya, da Inna mahaifiyata, da Kawu, da sauran 'ya'ya da jikoki, da duk wanda ya taɓa bin farin tsumma ya isa gida lafiya. Ina gode wa masuntan da suka bar sana'arsu suka shiga nema, da baiwar Allah mai alayyafo da ba ta wuce ta yi shiru ba. Ya Allah, bawanKa ya zo maKa ta cikin ruwa yana kan yi wa mutane hidima. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya shi cikin shahidai. Yadda ya riƙa nuna wa bayinKa inda za su taka, Ka tabbatar da ƙafarsa ranar tsallake siraɗi. Ka ba mu haƙuri, Ka bi masa hakkinsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Saura abin da ban sani ba, kuma ba zan cike shi da zato ba.

Ban san yadda ka faɗa ba, ko leɓen ramin ne ya zabtare da kai, ko ka matsa ne don ka gano iyakarsa.

Ban san wanda ya ba da umarnin matso da bututun ba, ban kuma san wanda ya rubuta kalmar ruɗewa ba.

Ban sani ba ko Kawu zai iya. Ya sari sabuwar gora, yana shiga ruwa da safe kafin ya buɗe shago, amma shi da bakinsa ya ce ƙafarsa keken ɗinki ta sani.

Ban sani ba ko za a bar mu mu yi magana ranar Alhamis. Za mu je dai, ni da shi, da yankin zanen da ya rage.

Jiya da yamma Iya ta kira ni, ta ce tunda ni ce mai karatu in gaya mata gaskiya: in aka ja wayar nan, ranar da nata ya zo, za a samu hanyar kai ta tsallake a kwantar da ita kusa da kai?

Wannan ma, Kaka, ban sani ba.