Takardar Da Mahaifina Ya Ƙi Sa Wa Hannu

Shekarun baya, lokacin da zuciyata ke kusa kamar ashana, na taɓa neman lasisin mallakar bindiga a garin nan na New York. Waɗanda suka san ni yanzu da tumbi da tabarau za su yi dariya, kuma ba zan ga laifinsu ba. Amma da gaske na nema, kuma wanda ya tare min hanya ba gwamnati ba ce. Mahaifina ne.

Ina da ɗan shago a unguwar Tompkinsville, inda muke sayar da shinkafa da manja da garin kwaki da daddawa da busasshen kifi. A saman shagon muke zaune, ni da matata da 'ya'yanmu biyu, sai mahaifina da na ɗauko daga ƙauyenmu a kudancin Kano don a cire masa yanar ido, daga nan kuma zama ya miƙe.

Wata rana tsakanin azahar da la'asar, wani saurayi ya shigo da fuska a rufe, ya nuna wa matata bindiga a bakin kantar shago. Ni ina ɗakin ajiya a baya ina jera kaya. Ta tsagar ƙofa na hango komai, har rawar da hannunsa ke yi, da yadda matata ke jawo durowa tana salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa maigida guda, sai na tsinci kaina durƙushe a bayan buhunan shinkafa, riƙe da gwangwanin tumatir. Ban motsa ba, ko tari ban yi ba, har ya kwashi abin da ya samu ya fice. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane.

Da 'yan sanda suka zo, suka ce a kunna musu hoton kyamarar shago. Na manta akwai guda a ɗakin ajiya. Haka aka taru ana kallona a durƙushe, mahaifina yana tsaye a bayansu yana kallo tar da sababbin idanunsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kowa ya ce a gode wa Allah, na kuma gode, amma iya baki. Matata ba ta taɓa tayar min da maganar ba, kuma shirun nan nata ya fi min zagi ciwo.

Ina da wani aboki ɗan Zongo daga Kumasi, direban tasi, wanda bai taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba. Shi ya fara hura min wuta. "Cale," in ji shi, haka yake kiran kowa, "ƙasar nan doka ya ba ka dama ka riƙe bindiga. Ɓarawo bai cika fom ba, bai jira kowa ba, kai mai gaskiya ne za a ce ka jira wata da watanni? Wannan ai wulaƙanci ne!" A masallaci ma, in an idar da sallar Juma'a, musun kenan a bakin ƙofa. Wasu su ce neman izini tauye haƙƙi ne, wasu su ce in babu shi garin nan mai cunkoso sai ya zama filin daga. Ni dai na bi bayan abokina, don maganarsa ce ta dace da abin da ke cin raina.

Na shiga neman lasisi gadan-gadan. Tambayoyi kamar za a ba ni sarauta: hoto, hoton yatsu, tarihin inda na zauna, wasiƙun mutanen da za su shaidi halina. Duk na bi na haɗa ina ƙunƙuni. Sai na iso kan wata takarda da ta ce duk baligin da ke zaune a gidan sai ya sa hannu, a gaban mai buga hatimi, cewa ya yarda a ajiye bindiga a inda yake kwana. Na kai wa matata. Ta karanta, ta miƙo min, ta ce, "In Baba ya sa, ni ma zan sa."

Dariya ma na yi, don a ganina an gama. Mahaifina maharbi ne tun yana saurayi. Na tashi ina jin warin albarushi a ɗakinsa, na ga harbi-ka-rugarsa rataye a bango tun kafin in iya tafiya. Wa zai fahimce ni in ba shi ba?

Na same shi a kan buzunsa, na durƙusa na fassara masa takardar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato su ma Turawan sun san sai an tambayi na gida." Ya karɓa, ya ninke, ya cusa ƙarƙashin buzu. "Za ka ji daga gare ni."

Mako guda, shiru. Mako biyu, shiru. Sai dai wani sabon hali da ya ɓullo da shi. Kullum da hantsi zai sauko shago, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, ya shiga sa min ido. In na auna gari ya ce na tauye mudu. In na jera manja ya ce ko makaho ya fi ni tsari. In kwastoma ya yi ƙorafi, kafin in buɗe baki Baba ya goya masa baya. Mutumin da a da sai ya yini bai yi magana goma ba! Na ce a raina tsufa ne, na dinga haɗiye fushina.

Ranar da abin ya fashe Asabar ce, shago cike, abokina ma yana nan yana shan lemo. Wata mata ta tambayi shinkafa babban buhu. Baba ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Hajiya, ki bar shi ya ɗauko miki da kansa, ai ya san bayan buhunan nan fiye da kowa. Can ya ɓuya ya bar matarsa da ɓarawo."

Wani ya yi 'yar dariya. Daga nan idona ya rufe. Na daki kantar shagon da hannu har gilashinta ya tsage, na daka wa mahaifina tsawa. Ni, da bakin nan nawa. Na ce ya ishe ni, na ce in ya gaji da zama da matsoraci ga hanya nan. Baba ya dubi hannuna da ke zubar da jini, ya ce wa matata, "'Yata, ɗaure masa." Ya miƙe a hankali ya hau sama.

Ban taɓa ƙin kaina kamar ranar nan ba. Na hau na durƙusa a ƙofar ɗakinsa ina ba da haƙuri, ya ce in je, gobe in raka shi ya ga ruwa.

Yana son jirgin ruwan nan da ke tsallakawa Manhattan. Ba wani wuri Baba yake zuwa ba, yakan je ne kawai ya dawo. Washegari da safe muka shiga, muka zauna a waje inda iska ke kaɗawa, na gyara masa mayafinsa. Sai da muka yi nisa sannan ya yi magana.

Ya ce lokacin da yake koyon harbi, shekara uku yana bin ubangidansa daji, bai taɓa barinsa ya ɗura albarushi ba. Da lokaci ya yi, sai ubangidan ya tsiri cin mutuncinsa a gaban jama'a, ranar kasuwa, da maganar da ya san ta fi yi masa ciwo. Haka suke yi wa duk wanda za su damƙa wa bindiga. Ba saitin ido suke dubawa ba, wannan kowa na iya koya. Abin da hannu zai yi in zuciya ta tafasa suke son gani.

"To ni jiya na gani," in ji shi.

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ai gaskiya ka faɗa. Ɓuya na yi."

Ya juyo ya dube ni sosai. "Kai, ba ka da wayo. Ka san abin da na gani a hoton nan? Ɓarawon nan yaro ne a tsorace, yatsansa a kan kunamar bindiga, hannunsa yana rawa. Da ka yi motsi, da ko gwangwanin nan ne ya faɗi daga hannunka, da mun binne uwar 'ya'yanka a ƙasar mutane. Duk maharbin da ka ga ya yi furfura, kwanciya ya iya. Na sha yin rabin yini a cikin ciyawa cinnaku na cizona ban motsa ba. Ranar nan da na gan ka a bayan buhu, cewa na yi a raina, ashe yaron nan ya gaje ni."

Wata uku ina ɗauke da abin nan a matsayin abin kunyar rayuwata, ga shi tsohon nan ya ɗauke shi abin alfahari.

"Da wanda ya kwanta a bayan buhu ne ya kawo min takarda, da a take na sa hannu," ya ci gaba. "Amma wanda ya kawo min, mai jin kunyar kwanciyar ne. Shi kuwa ba tsare gida yake nema ba, so yake a sake shigowa ya nuna wa duniya shi namiji ne. Irinsa ba na kwana gida ɗaya da bindigarsa. Jiya gilashi ne a kusa da hannunka."

Sai muryarsa ta sauka. Ya ce, "Kuma kada ka zaci da daɗi na yi. Ka tambayi matarka, ko loma ban iya kaiwa bakina ba jiya. Ubangidana ba shi ya haife ni ba, shi ya sa abin bai yi masa wuya ba."

A nan na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban 'yan yawon buɗe ido masu ɗaukar hoto. Baba bai rarrashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ɗora tafinsa a kan hannuna mai bandeji, ya bar shi a nan har jirgi ya tsaya.

Bai sa hannu ba, ni kuma ban sake tambaya ba. Abokina ya yi ta mita, wai tsoho ya tauye min haƙƙin da tsarin mulki ya ba ni. Na ce ya je ya faɗa masa da kansa. Har yau bai je ba.

Bayan kusan shekara, wani mutum ya shigo shago a fusace kan wai kifin da ya saya ya lalace. Ya zage ni tas, ya haɗa da iyayena da ƙasar da na fito, ya watsar min da kaya a ƙasa. Na ji zuciyar ta taso, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na tsaya na ƙare masa kallo, sai na ga mutum ne kawai da ranarsa ta ɓaci. Na ba shi wani kifin, na raka shi ƙofa, na dawo na tsince kayana. Na ma manta Baba yana zaune a wurin.

Bayan la'asar ya kira ni sama. Ya ɗaga buzu ya zaro takardar, duk ta yi laushi ta sha ninki. Ya ce, "Ina mai hatimin nan yake? Kai ni." Muka je. Ya riƙe biro kamar mai riƙe alƙalamin kara, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, harafi bayan harafi. Da muka fito ya miƙo min ya ce, "Ga ta. Ka ga dama ka saya, ka ga dama ka bari. Yanzu ko wanne ka yi, zan yi barci."

Ban kai takardar ko'ina ba. Ba wai na zama waliyyi ba ne, kuma ba na zargin wanda ya bi doka ya mallaki tasa, kowa ya san inda yake kwana. Kawai dai da na laluba cikina, sai na tarar abin da ke ingiza ni ya tafi. Muka ƙara fitila a ƙofar shago, muka sa ƙararrawa, rayuwa ta ci gaba.

Har gobe ana musun nan a bakin masallaci, kuma in an matsa min nakan ce ni ban san abin da ya dace da ƙasa mai girma haka ba. Na dai san a ranar da na fi kowa tabbacin na cancanci riƙe bindiga, duk wasiƙun shaidata sun ce ni mutumin kirki ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mutum ɗaya ne ya san ban shirya ba, shi ma don muna cin tuwo a kwano ɗaya ne.

Baba ya koma gida bayan shekara biyu, ya ce sanyi ya ishe shi, a can kuma Allah ya karɓi abinsa. Ya yafe min tsawar nan tun a cikin jirgin ruwan nan, ya ce ai shi ya tono ta. Ni ne dai har yau ban gama yafe wa kaina ba. Da na je ta'aziyya, ƙanensa ya ja ni gefe ya ce tun da Baba ya dawo, duk maharbin da ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin ɗansa na Amurka, wanda aka shigo masa da bindiga ya yi kwanciyar da ko shi a ƙuruciyarsa sai haka. Labarin tsawar kuwa, babu wanda ya taɓa jin sa a bakinsa.