Lanƙwasar da Jan-Biro Ya Cire

A maɗaba'ar da yake aiki, Jan-Biro ake ce masa, don shekara ashirin ya yi yana duba rubutu kafin a buga, ko waƙafi ba ya tsere masa. Taurin kai kuwa sai ka gani. Duk abin da ba a kawo masa hujja ba, a wurinsa tatsuniya ce. Matarsa 'yar Katolika ce, kuma duk Lahadi in ta ɗaura ɗankwali za ta coci sai ya ce ta gaida masa Allah in sun haɗu.

Wata rana katikis, mai koyar da addini a cocin su matar, ya kawo littafin tambaya da amsa a buga dubu biyu. Jan-Biro ya yi masa karatun neman aibu. Da ya zo kan addu'ar nan, "Yesu, Ɗan Allah, ka ji tausayina," sai ya cire lanƙwasar harafin Ɗ, ta koma "Yesu, dan Allah." Wai shi ga mai barkwanci. Littafi na fitowa aka yi caa a kan katikis, Fada, limamin cocin, ya karɓe aikin littattafai daga hannunsa. Bawan Allahn nan ya ɗauka kuskurensa ne, idonsa ne ya fara mutuwa.

Ashe littafin ya riga ya shige Jan-Biro. Sau uku ya karanta shi, yana musu da amsoshin a gefen takarda. Wasu ya kayar da su, wasu suka kayar da shi, musamman wadda ta tambayi wa ya fara kome. Ana nan matarsa ta kwanta asibiti. A gadon kusa da nata wata tsohuwa tana bin layin littafin nan da yatsa, tana roƙo har da hawaye: "Yesu, dan Allah, ka ji tausayina." Ba'ar da ya yi ce take addu'a da ita, kuma da zuciya ɗaya. Ya fita baranda ya tsaya, kunya kamar ta kashe shi.

Bayan wasu shekaru ya shiga ajin baftisma. Malamin ajin kuwa katikis ɗin nan ne, yanzu da tabarau. Wata shida Jan-Biro yana amsa kowace tambaya daidai, amma ya kasa haɗa ido da shi. Saura sati ɗaya a yi baftisma, ya tsaya bayan an tashi ya faɗa masa shi ne ya cire lanƙwasar da gangan.

Katikis ya saurare shi har ƙarshe. Daga baya ya ce ya yafe, sai dai zuciya ba yau za ta huce ba.

"Tun ranar ban ƙara yin karatu a gaban jama'a ba, ɗan'uwa. Shekara bakwai ina tsoron idona. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, ni na ƙi yarda."

Ya ajiye tabarau a kan benci, ya buɗe littafin, ya karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ba. Jan-Biro ya sunkuyar da kai har ya gama.