Bindigar da Ba Ta Jiran Ɗuri

Ni ɗan maharbi ne, da bindigar toka na tashi, wadda kowane harbi sai an sake ɗura mata albarushi. Da na samu aiki a garin Annandale, can ƙasar waje, a shekarun 1980, na shiga shagon bindigogi. Mai shagon ya miƙo min fistol mai ƙyalli, na ture ta. Baƙa mai nauyi na zaɓa, muka je wurin gwaji.

Ina harbawa, hannuna ya nufi ƙugu neman albarushi.

"Sake jan kunamar," in ji mai shagon.

Na yi ta ja, ba ta ƙi ba. Dariya ta ƙwace min. Da Baba yana da irinta, da ɓauna ba ta gurgunta shi ba.