Takardar da Hajjo Ta Sa wa Hannu

Shekara goma sha tara muka yi muna maƙwabtaka da Hajjo a wani dogon benen council, gidajen hayar hukuma, a unguwar Woolwich ta Landan, ƙofa na kallon ƙofa, ban taɓa jin ta ce wa mutum a'a ba. Ni sunana Anatu, 'yar Wusasa ce, aikin jinya nake yi, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami. Ita kuwa Bakatsiniya ce mai kara, irin wadda in ka taka mata ƙafa ita za ta ba ka haƙuri. Da can ina ɗaukar wannan hali abin yabo. Tun daga 1998 na daina.

Hajjo ta zo Landan a 1979, ta biyo mijinta Maje da ya zo karatu, da 'yarsu Jamilatu mai shekara biyar. Karatun bai kai ko'ina ba, Maje ya kama tuƙin bas. Hajjo ta samu aiki a ɗakin wankin wani asibiti, guga tun safe har la'asar, hannayenta duk tabon ƙuna. Ranar Asabar sai ta yi dambun nama ta ƙulla a leda, mutanenmu daga Lewisham har Barking suna zuwa nema. Rabin masu zuwan ba dambu ne ya kawo su ba, zama ne a ɗakin da ake jin Hausa ba gauraye.

Jamilatu ce ta fari, saboda haka Hajjo na jin kunyarta kamar yadda aka saba a gida. Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta shigar mata faɗa, ba ta nuna damuwa da ita ko da ciwo take yi. A Katsina kowa ya san wannan kunya ce, kuma akwai kaka da gwaggo da za su yi wa yaro abin da uwa ba za ta yi ba. A Woolwich babu kaka, babu gwaggo. Wannan ne Hajjo ba ta lissafa da shi ba.

A 1981 ta haifi namiji, ga ɗaki ɗaya tal. Sai wan Maje, wani mai suna Hambali da ke Barking, ya ce a ba shi Jamilatu riƙo, tunda shi da matarsa Yelwa Allah bai ba su haihuwa ba. Hambali ba ƙaramin mutum ba ne a cikinmu. Shi ke tarbar baƙo a filin jirgi, shi ke nemo masa ɗaki, shi ke gaba a sunan kowa. A lokacin 'yan Najeriya da yawa na kai 'ya'yansu wurin Turawan ƙauye su riƙe musu, Hajjo kuwa har godiya take wa Allah tata ba ta faɗa hannun bare ba.

Duk sati biyu ake kawo yarinyar ta kwana biyu, ranar Lahadi da yamma a tsallaka da ita kogi a jirgin fito a mayar. Wata Lahadi a 1983 aka neme ta aka rasa. Ni na gan ta, a bayan ƙofar banɗakina, ta rungume gwiwoyinta.

"Aunty, I don't want to go back," ta ce. Ba ta son komawa, iyakar abin da na iya ciro mata ke nan.

Na je na samu Hajjo, na ce ta zaunar da yarinyar nan ta tambaye ta. Ta ce, "Anatu, in na tambaya ai na zargi masu riƙo ke nan. Wanda ya ba da riƙo ba ya bin sawu. Ƙiwa ce kawai." Na yi ta faɗa, na gaji na bari. Kuma tunda ina faɗin laifin wasu bari in faɗi nawa: ni na riƙe mata jakarta har bakin jirgin fito a ranar.

Ta dawo gida a 1985 da za ta shiga sakandare, yarinya marar magana, marar dariya. Maje ya rasu a 1990. Hambali ne ya yi masa wanka, shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu wurin binne shi cikin Musulmi, shi ya tsaya wa Hajjo har ta fita takaba. Wannan alheri ya zauna mata a wuya.

A 1997 Jamilatu na da shekara ashirin da uku, tana aiki a wani ɗakin karatu a Lewisham, tana zaune ita kaɗai. Sai ta ji labarin za a kawo wa Hambali wata yarinya 'yar shekara shida daga gida, ita ma riƙo. Washegari ta tafi wurin 'yan sanda. Abin da Hambali ya yi wa Jamilatu daga tana shekara bakwai zuwa sha ɗaya ba zan rubuta shi ba. Na ji shi sau ɗaya a kotu, ya ishe ni har in mutu.

An yi kwana shida ana shari'a a farkon 1998. Ni ke zama kusa da Jamilatu kullum. Hajjo ko sau ɗaya ba ta leƙa ba, tana gida tana kuka tana guga kayan da ba sa buƙatar guga. Aka samu Hambali da laifi, alƙali ya ce a dawo bayan sati uku a ji hukunci.

A cikin satin farko Jamilatu ta zo ta tsaya a bakin ƙofar uwarta, ko zama ba ta yi ba. Ina tsaye a tawa ƙofar.

"Mama, ranar sentencing, ranar hukunci, ki zo," ta ce. "Ba sai kin yi magana ba. Just sit next to me, ki zauna kusa da ni kawai."

Hajjo ta dubi ƙasa ta ce, "To."

Na san abin da ake ciki. Yarinyar nan ta yi shekara goma sha biyar tana jiran uwarta ta tsaya a gefenta sau ɗaya. Wannan ce tambaya ta ƙarshe, in aka ɓata ta babu wata.

Asabar ta biyu da azahar na dawo daga kasuwa na tarar da takalma jere a ƙofar Hajjo. Dattawa uku ne, Alhaji Badaru, babban mutanenmu na wannan yanki, yana gaba, sai Yelwa matar Hambali. Sun fi awa biyu a ciki. Washegari da safe Hajjo ta shigo wurina, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa, ta ba ni labari. Yelwa ta durƙusa ta kama ƙafarta. Alhaji Badaru, mai furfura har gemu, ya cire hularsa ya ajiye a gabanta. Suka ce ba su zo wanke shi ba, ya yi laifi, amma jininsu ɗaya da marigayi, ga ciwon sukari, in ya daɗe a gidan yari gawarsa za a fito da ita. Suka haɗa ta da Allah da Annabi. Sannan suka fito da takarda zuwa ga alƙali, wadda ke cewa ita uwar yarinya ta yafe, tana roƙon a sassauta.

"Kika yi signing?" na tambaye ta.

"Dattijo ya cire hula, Anatu. Me zan ce?"

"Ki ce a'a. Harafi nawa ne a ciki?"

"A gida in manya suka taka suka zo, uwa ba ta cewa sai an rama wa ɗanta. Balle ta fari. Sai a ce ba ni da kunya."

Kada wani ya ce yaudararta aka yi. An fassara mata takardar kalma bayan kalma, ta san abin da ta sa wa hannu. Na zazzaga mata abin da ban taɓa gaya wa babba ba, ta saurara har na gama. Na ce ta gaya wa Jamilatu kafin ranar. Ta ce da wane bakin. Ni ma ban gaya mata ba. Na yi ta raya wa kaina cewa takardun roƙo sun fi ashirin, wataƙila tata ta ɓace a ciki.

Ranar hukunci Hajjo ta riga ni shiryawa. A bas casbi kawai take ja. Muka samu Jamilatu a ƙofar kotu. Da ta hango uwarta sai da ta tsaya cak. Muka shiga muka zauna a benci ɗaya, Jamilatu a tsakiya. Dattawan na can baya da Yelwa. Aka fito da Hambali cikin kwat, ya rame, bai dubi kowa ba. Can sai na ga Jamilatu ta miƙa hannu a hankali ta ɗora a gwiwar uwarta. Hajjo ba ta janye ba.

Lauyan Hambali ya miƙe neman sassauci. Ya faɗi shekarunsa, ya faɗi ciwonsa, ya faɗi hidimar da ya yi wa jama'a. Ya ɗaga tarin takardu ya ce ba zai ɓata lokacin kotu da karanta su ba. Na saki numfashi. Sai ya zare guda ɗaya daga sama ya ce amma wannan dole a ji ta, domin daga mahaifiyar mai ƙara take.

Turancin Hajjo kaɗan ne, amma ta ji sunanta. Ya karanta a nitse, har inda aka ce ta yafe masa duniya da lahira. Ban iya juyawa ba. Ta gefen ido na ga hannun Jamilatu ya bar gwiwar, ya koma cinyarta, ta dunƙule shi.

Alƙalin ya cire tabarau ya daɗe yana duban takardar. Ya ce ya karanta ta tun jiya, kuma ba za ta rage ko kwana ɗaya ba. Ya ce abin da ta nuna masa shi ne yarinyar ba ta da wurin gudu a lokacin, kuma wanda ake tuhuma ya san da haka, da shi ya dogara. Ya yanke masa shekara tara. Yelwa ta fashe da kuka a baya, aka tafi da shi ta wata ƙaramar ƙofa.

A barandar kotu Jamilatu ta tsaya gaban uwarta. Na ɗauka za ta yi ihu, na ma fi son ta yi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da Hausa ta yi maganar, don kada a ce ba a fahimta ba.

"Mama, ke aka yi wa?"

Hajjo ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce, "A'a."

"To me kika yafe?"

Jamilatu ta jira. Wallahi ta jira, na ƙirga numfashina ya fi goma. Hajjo na tsaye, ido a ƙasa, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Jamilatu ta gyaɗa kai, ta rataya jakarta, ta sauka matakala. Ban bi ta ba, don na san ni ma akwai tambayar da ke jirana.

A bas ɗin komawa na ƙudura ba zan yi wa Hajjo magana ba har mu sauka. Haushinta nake ji, ina jin nawa, ga tausayi ya hana ni sakewa. Mun kusa kasuwar Woolwich ta taɓo hannuna.

"Anatu," ta ce, "kin ga kamar ta karya kuwa da safen nan? Na ga idonta ya faɗa."

Na ce ban sani ba. Ta ce in na yi waya da ita in tambaye ta, amma kada in ce ita ta ce.