Hannun Hagu da Goyon Muhibba

Shekara biyu ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ta akwatin saƙo ko na daina karatun littattafai ne, ku yi haƙuri. Littafi hannu biyu yake so, ni kuma ɗaya ya rage mini.

Tun cikina yana wata takwas ƙafafuna suka kumbura, kaina yana sarawa. Matan unguwa suka ce alamar namiji ce. Na ji daɗi, na daina zuwa awo.

Mace na haifa. Na sa ana kiranta Muhibba, don na daɗe ina ajiye da sunan. Ana ta ɗura mini kunun kanwa, ana wankan jego safe da yamma.

Kwana biyu bayan suna, ina riƙe da kofi ya faɗi. Na so in ce a miƙo mini, bakina ya karkace.

Aka ce iska ce. Kwana biyu ana hayaƙi kafin Abban Muhibba ya rufe shagon waldarsa na bakin boda a nan Jibiya, ya sa ni a mota zuwa Katsina.

Aka gwada jini, aka ɗauki hoton kai. Likita ya ce, "Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu. Da kun zo da wuri." Bai ƙarasa ba. Ɗan kunne da sarƙar aurena a hoton nan da magani suka tafi.

Yayata Hassi, da ke aure a Maraɗi, tana da goyo a lokacin. Ta zo ta ɗauki Muhibba. "Ki kwantar da hankalinki, Jamila," in ji ta. "Ranar da kika iya goya ɗiyarki, ranar zan maido miki abarki."

Wannan maganar na riƙe.

A littattafan da na saba karantawa, jinya shafi uku ce. Tawa, wata bakwai kafin in tsaya ba sanda.

Mai gashin ƙashin da aka haɗa ni da ita, Madam Talatu, Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna. Da ta ga ƙafa ta yi ƙwari, jini ya daidaita, likita kuma ya yarda, sai ta kawo wani dunƙulen ƙarfe mai mariƙi kamar buta, ketulbel sunansa. Za ka ware ƙafa, ka yi lilo da shi ta tsakaninsu, ka tura da ƙugu ya tashi zuwa ƙirji.

Abban Muhibba ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Wannan ne ake kawo mu Katsina dominsa?" Washegari ya haɗa mini nawa da guntun ƙarfen mota, ya kai wurin mai hatsi aka auna a sikeli.

Da hannu biyu na fara. Bayana ya yi ƙarfi, ƙuguna ya daina rawa, har na sa Abban Muhibba ya ƙara wa ƙarfen nauyi. Na kira Yaya Hassi na ce ta shirya.

Madam Talatu ta kalle ni na yi goma. Ta ce, "Amarya, saki daman."

Na saki. Ƙarfen ya fizge ni, jikina ya murɗe, yatsuna suka buɗe, ya faɗi ƙasa.

"Kin gani? Daman ke aiki, hagun rakiya yake yi. Hannu biyu na gina baya da ƙugu, yana ɗaukar nauyi mai yawa, amma yana rufa wa rago asiri. Hannu ɗaya ba ya rufa wa kowa. In za ki goya yaro, da hannu nawa kike juya shi baya?"

Na ce ɗaya. Ɗayan yana tare shi, yana jan zani.

"To gara ƙarfe ya faɗi, ko ita?"

Na yi kuka har Jibiya.

Aka yanke ƙarfen ya koma ƙarami. Hagu shi kaɗai, biyar biyar, cikina yana ɗaurewa don kar in karkace. Wata takwas na ƙara a haka. In na gama sai in goya ƙullin gero mai nauyin yaro in zaga tsakar gida. Abbanta yana cewa, "Mi ɗiyar taki ta ci yau? Na ga ta yi ƙiba."

Ranar da Madam Talatu ta ce na isa, na sa sabon zani. Yaya Hassi ta cika alkawari, ta tsallako boda da ita.

Muhibba da ƙafarta ta shigo. Na durƙusa, na juya mata baya, na ce, "Zo, hau."

Ta ruga ta riƙe zanin Yaya Hassi. "Inna," ta ce, tana nuna ni, "Tanti."

Yaya Hassi ta juya fuska. Babu wanda ya yi laifi a ɗakin nan, shi ya sa ban san inda zan kai kukan ba.

Sati uku ke nan tana wurina. Har yau Tanti nake, wato Anti a bakin mutanen Maraɗi. Jiya da la'asar ta gaji da wasa, barci ya kama ta a tsaye. Na kama ta da hagu, na juya ta baya, na ɗaure zani. Yatsuna ba su buɗe ba. Na ƙi zama har magariba, don na san in ta farka za ta ce in sauke ta.

Alhamdu lillahi da ya bar ni da rai. Allah ya saka wa Yaya Hassi da Madam Talatu, da mijina da bai taɓa nuna mini ya gaji ba.

'Yan uwana mata, ku je awo. Kumburi da ciwon kai ba alamar namiji ba ne. Ku rage kanwa a jego. In baki ya karkace, asibiti a ranar, addu'a a cikin mota. Kar wadda ta ɗauki ƙarfe sai masana sun ce, kuma in sun ce ki gwada hannun da kike ɓoyewa, ki gwada da wuri.

Ku sa ni a addu'a, ta kira ni Inna ko sau ɗaya.