Gaisuwar da na kai a makare

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye na karkarar Kanan-Bakashe, kuma a shekarun da zan ba da labarinsu Allah ya yi mini baki. In aka tada gardama a fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, ni ne na farko, ni ne na ƙarshe. Sai in ɗan zuba Faransanci a tsakiya, kowa ya yi tsit, ni kuma in ɗauka gaskiya ce ta rufe musu baki. Ina yaro aka yi tawayen Abzinawa a arewa. Yayana soja ne, aka tura shi can, bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba. Da wannan ciwon na girma, kuma a wurina shi ne dukan tarihin yaƙin.

Ina da aboki tun muna kiwon awaki. Iyayensa Abzinawa ne da suka daɗe da zama cikinmu, suna noma kamar kowa, Hausarsa ma ta fi tawa daɗi. Shi ke dafa mana shayi a fada, kuma bai taɓa tashi ba sai ya zagaya da zubi na uku, don a wurinsu katse shayi a tsakiya rashin mutunci ne. Wata ranar kasuwa da la'asar rediyo ya tada zancen waɗancan shekaru, ni kuwa na samu abin da nake so. Na ce babu wani zalunci da aka yi a arewa, duk wanda aka kama ko aka kashe shi ya jawo wa kansa. Abokina bai ɗago kai daga butarsa ba. A hankali ya ce ƙanen mahaifinsa makiyayi ne, bai taɓa riƙe bindiga ba, a bakin rijiya aka ɗauke shi yana shayar da raƙuma, har yau shiru. Maimakon in yi shiru, sai na ce ina shaidarsa, ai ruwa ba ya tsami banza. Har na ƙara da cewa Buzu ba zai taɓa faɗin gaskiya a kan ɗan'uwansa ba. Wasu suka yi dariya. Shi kuwa ya miƙa wa kowa zubin farko, har da ni, sannan ya zuba ruwa a kan garwashin ya tattara kayansa ya tafi.

Bai ƙara zuwa fada ba, ni ma girman kai ya hana ni nemansa. Bayan damina mahaifinsa ya rasu. Ina jin mutane suna wucewa zuwa gaisuwa, wasu a kan babur, wasu a amalanke, na zauna a ɗaki ina gyaran takardun yara, ina ce wa raina gobe. Har aka share makoki ban taka gidan ba.

Mahaifiyata ce ta kira ni da labari ya kai mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ma ta yi faɗan ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni ko na san wanda ya riƙe mana zaure lokacin da aka kawo labarin yayana. Ta ce mahaifina ya kasa ko tsayuwa, wannan tsohon da na ƙi zuwa gaisuwarsa shi ya kawo tabarmi da sukari da rago, ya zauna yana dafa wa masu gaisuwa shayi har aka tashi. Ta ce a cikin wannan shekarar ce ƙanensa ya ɓace, kowa a garin ya sani, amma ba wanda ya je ya ce musu ya haƙuri, saboda tsoron kada a ce kana tare da ƴan tawaye. Su ma ba su shimfiɗa tabarmar makoki ba. Ta ce ita kanta ba ta je ba, kuma abin yana cinta har yau. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Da na je gidansu, na iske abokina ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin matarsa a Korgom. Na bi shi can. Ya tarbe ni ba yabo ba fallasa, ya shimfiɗa mini tabarma, ya hura wuta. Na ce gaisuwa biyu na kawo, ta mahaifinsa da ta baffansa.  Ya ce ni ne mutum na farko da ya taɓa yi musu gaisuwar baffan nan, ya kuma gode. Amma wanda ya yi shekara da shekaru yana jiran jin wannan kalma, in ji shi, yana kwance a maƙabartar garinmu. Ya ba ni zubi uku cif, ya raka ni bakin hanya. Muna gaisawa a waya lokacin salla, amma abin da ke tsakaninmu bai koma yadda yake ba.

Abin da na koya shi ne, ban taɓa yin gardamar tarihi ba, makokin yayana nake ta yi da bakin gardama, kuma ban bar wa kowa wurin yin nasa ba. Magana zarar bunu ce. Ku masu zafin baki irina, a fada ko a waya, in zancen yaƙin nan ya tashi, ku fara tambayar na kusa da ku wa ya rasa kafin ku yanke hukunci. In kuma akwai gidan da ba ku kai wa gaisuwa ba, ku tashi ku je tun mai jiranta yana da rai.