Tiya Biyu ta Geron Bune

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Alhamis, a watan Zulƙida. A tsakar gidanmu da ke Gure akwai babana, da gwaggona, da matan maƙwabta uku, sai kakata Iya Falmata zaune kan tabarma tana haɗa kayan tafiya aikin hajji. Ni kuma na dawo daga shayar da awaki, shekarata goma sha biyu.

Makon nan mushe, wato malaminmu, ya koya mana auna nisa a lakwal, makarantarmu ta boko. Ya ɗora zare bisa taswira daga Yamai zuwa Jidda, ya auna, ya ce wajen kilomita dubu huɗu ne, jirgi kuma yana cinye su cikin awa shida ko ƙasa da haka. Na haddace, ina neman inda zan baje ilimina.

Sai na ga Iya tana ɗinke bakin wani ƙunshi: tiya biyu ta gero, daga gonar mahaifinta ta Bune. Na tsaya kanta, na yi mata lissafi daki-daki. Na farko, mota zuwa Damagaram. Na biyu, mota zuwa Yamai. Na uku, jirgi, awa shida kacal, har abinci ana bayarwa. Na rufe da cewa, "Ko a sama za ki yi daka, Iya? Zamanin jaki ya wuce!" Matan suka tuntsire da dariya. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, kullum tana rama mini. Ran nan ba ta rama ba. Ta ce, "To, maigidana, ka fi ni sani." Ta warware ɗinkin, ta juye geron cikin ƙwarya.

Bayan ta dawo daga hajji ta kira ni ɗaki, ta ba ni hula da dabino, sannan ta ba ni labari. Yayanta ya bar Bune da ƙafa tun tana budurwa, ya yi shekara uku a hanya, ya zauna Makka bai sake dawowa ba. Ta same shi ya tsufa, ba ya gani sosai. Bayan gaisuwa, abin da ya fara tambaya shi ne, "Falmata, kin zo mini da geron gida?" Ta ce masa ta manta. Ba ta ambaci sunana ba. Bai kai wata shekarar ba ya rasu.

Yau yarana suna latsa waya su faɗa mini nisan kowane gari da awoyinsa, ba su taɓa kuskure ba. Ni ma lissafina daidai yake ran nan. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, kuma har yanzu in na ga gero a ƙwarya sai na kau da kai.

Roƙona gare ka, mai karatu: in ka ga tsoho yana ɗaure kaya, kafin ka yi dariya, tambaye shi na wane ne.